Rakiyar da Ta Kai Ni Baltimore

Wannan babi na hoton nan ne da ke rataye a falo kusa da agogo, na matar nan mai farar rigar nas da gashi tsaye kamar ta kifa ƙwarya a kai. Na san abin da kawunku Sani ya gaya muku a kansa. Na kuma san kun ɗan yarda, don na sha kama ku kuna satar kallon hoton, ku saci kallon Ummanku, kuna jira ku ga ranar da za ta jefe shi da muciya. To, ku kwantar da hankalinku. Ban ajiye mata a Amurka ba. Wadda na tafi da ita, ita na dawo da ita, kuma ita kaɗai ta ishe ni har da gyara. Matar da ke hoton Goggonku Maryam ce, rakiya ce ta haɗa mu da ita.

Sai dai ku 'yan yanzu ba ku san rakiya ba. Baƙo na cewa zai tafi sai ku ɗaga masa hannu daga kan kujera, ido na kan talabijin. A gidan da na tashi a Kano, ka taka wa baƙo har zaure, har bakin lungu, har bakin titi, kuma ba kai ke da ikon juyowa ba. Shi ne zai tsaya ya ce, "To, a koma haka nan," kai kuma ka ce a sauka lafiya, a gai da gida. In bai faɗa ba, sai ka ci gaba da binsa ko da Makka ya nufa. Kakanku ya taɓa zane ni don na juyo daga rakiyar wani abokinsa kafin a sallame ni, har yau in hadari ya haɗo wurin yana yi mini ƙaiƙayi.

Shekarar da motoci a gida suka koma hannun dama, ina akawu a ofishin jakadancinmu da ke New York, ina bugun tafireta daga safe zuwa yamma. Muna zaune a Jamaica. Ba tsibirin nan da kuke ji a rediyo ba, wata unguwa ce a Queens, dab da filin jirgin sama, inda jirage ke wucewa ƙasa-ƙasa har nakan ce wata rana matuƙi zai leƙo ta taga ya tambayi abin da aka dafa. Babbar yayarku tana goye a lokacin. Duk abin da na sani na Amurka shi ne ramin da nake shiga da safe a Jamaica da ramin da nake fitowa a Manhattan, cikin jirgin ƙasan nan na ƙarƙashin ƙasa da suke kira sabwe. Gafiya ma ta fi ni ganin gari. Ga ni kuwa da son kallo kamar me, amma ba wanda zai ja ni, ni kuma tsoron ɓata nake yi a ƙasar da ko liman bai san sunan unguwar gaba ba.

Wata Juma'a mun fito daga ɗakin da muke haɗuwa mu yi salla, iska ta mare ni, na ce, "Kai, wannan sanyi ba ya jin Allah ya isa!" Sai na ji dariya a bayana. Wani dogon tsoho ne mai tsage a kumatu, da kwat har gwiwa da wata hula da ta ga duniya. Sunansa Baba Isaka, ɗan Zangon Kumasi. Tun yana saurayi ya shigo jirgin ruwa yana zuba wa injin gawayi, ya sauka a New York tun ana yaƙin duniya, bai sake komawa ba. Hausarsa ta Zango ce, da barbaɗin yaren Asante a kai. Ya zura hannu a aljihu ya ba ni goro, ɗanye shar, wanda ya ce 'yan jirgi ke kawo masa. Ni da na yi watanni ina tauna asuwaki don kewar goro, nan take na gayyace shi tuwo ran Asabar.

Ya zo kuwa. Ummanku ta tuƙa tuwo da garin nan mai tsaki-tsaki da Turawa ke damawa da madara, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da muka ɓoyo a cikin akwati, wadda in ta hau wuta sai maƙwabta su fara buɗe tagogi suna neman abin da ya mutu. Baba ya kai loma ɗaya, sai ga hawaye na bin tsagensa.

"Yajinki na da faɗa paa, 'yata," in ji shi.

Ko ƙwayar barkono babu a miyar.

Da ya tashi tafiya na zura takalmi na bi shi. Muka sauko daga bene, bai ce komai ba. Muka kai bakin titi, shiru. Muka kai bakin ramin sabwe, na rage sauri, na yi gyaran murya, na gyara hula, duk alamun da ɗan gidan mutunci ke yi, tsoho sai labarin teku yake ba ni, hannunsa riƙe da hannun rigata. Muka shiga jirgi, muka sauya wani, muka fito a can gindin Manhattan inda ƙasa ta ƙare. Na ce a raina, to nan dai dole, don ba a raka mutum cikin ruwa. Ashe ana yi. Muka hau wani makeken jirgin fito da suke kira feri, mai ɗaukar mutanen Fagge kaf har da awakinsu. A ranar na fara ganin matar nan koriya mai ɗaga fitila a tsakiyar ruwa, na saki baki har wani tsuntsun teku ya kusa yin sheƙa a ciki. Muka sauka a unguwarsa, St. George, muka hau tudu har ƙofar ɗakinsa. A nan ma bai ce in koma ba, cewa ya yi, "Shigo ka sha ruwa." Kun ga ke nan na zama baƙonsa. Da na tashi ya ɗauko hula zai raka ni, na sallame shi da sauri tun bai gama nemo takalmi ba, don na hango mu muna raka juna har tashin duniya.

Na iso gida rana na faɗuwa. Ummanku ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, raka shi ka yi, ko kai shi ka yi?"

Haka Asabar ta gaba, haka ta gabanta. Sai wata rana da muka fito ya ce yau ba gida za shi ba, Newark za shi. Bai ce in zo ba, bai ce in koma ba. Na bi. Bayan nan Filadalfiya. Bayan nan wasu garuruwan da ke jere a bakin layin dogo kamar tsakiya a zare. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na riƙa ji. Na ga Newark mai bututun hayaƙi, inda iska ke da ɗanɗano. Na ga gidajen Filadalfiya manne da juna kamar haƙora, maƙwabci ya yi atishawa a ce maka yarhamukallahu. Na ga wata fasasshiyar ƙararrawa da mutane ke bin layi su kalla, hula a hannu, wadda in a Kano ne da tuni an kai ta maƙera an fitar da fartanya. Duk allon da muka wuce sai Baba ya ce in karanta masa, wai yana gwada Turancina ne. Ni kuwa in buɗe murya in karanta kamar mai labaran rediyo.

Abu ɗaya ne ya riƙa ɗaure mini kai. Duk garin da muka sauka, ba kasuwa yake nufa ba, ba masallaci ba, babban asibitin garin yake nema. Mu tsaya a tsallaken titi daidai la'asar, lokacin da nas-nas ɗin safe ke fitowa na yamma ke shiga. Ya ƙura wa ƙofar ido, wuya a miƙe kamar zalɓe a bakin tafki, har su gama wucewa. Sannan ya sauke numfashi ya ce, "Mu tafi." Tambayarsa kuwa ba ta taso ba, sa'an ubana ne. Sai na riƙa kawo wa Ummanku hasashe. Yau in ce aure yake nema kuma ya rantse sai nas. Gobe in ce ɗan leƙen asiri ne. Ran da na ce ƙila farin kaya ne kawai ke burge shi, sai ta ajiye tsintsiya.

"Kai kana ta kallon birane, ba ka kalli mutumin ba. Ka lura da yadda yake ɗaukar kofi? Gefe yake fara kai hannu, sannan ya lalubo. Ba Turancinka yake gwadawa ba, Malam. Idonsa ne ke tafiya."

Na zauna jagwab. Wato duk riƙon hannun rigar nan ba ƙauna kaɗai ba ce, sanda na zama.

Asabar ɗin da ta biyo, Ummanku ta jira ya ci ya ƙoshi, ta durƙusa ta ɗauke kwano, sannan ta yi abin da na kasa.

"Baba, wa ake nema a asibitocin nan?"

Ya daɗe yana goge hannu. Sannan ya ba mu labari, kansa a ƙasa. Ya auri wata baƙar Ba'amurka, suka haifi 'ya ɗaya, matar ta rasu yarinyar na 'yar makaranta. Ya riƙe ta har ta girma. Wata rana ta haɗa kayanta ta koma wurin ƙanwar uwarta, ta ce ta gaji da zama da mutumin da bai ɗauke ta 'ya ba. Shi kuma ya ga ai uba ba ya bin 'ya yana roƙo, ya zauna jiran ta huce, shekaru suka yi ta wucewa. Abin da ya ji na ƙarshe shi ne ta zama nas a wani gari ta wajen kudu. Yanzu likita ya ce kafin sanyi ya sake zagayowa idon zai rufe.

"Ba na neman komai koraa," in ji shi. "In ga fuskar kawai, kafin a kashe fitila."

Na ce, "Haba Baba, ai da ka faɗa da mun shiga ciki mun tambaya! Yaya sunanta?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi.

"'Yar fari ce, Malam Garba."

Ummanku ta harare ni, ta matso.

"Takwarar wa ce, Baba?"

"Uwar Annabi Isa," ya ce da ƙyar, yana duban bango.

To ga inda gizo ke saƙar. Hutuna na zuwa gida ya kama a daminar nan, kuma an tsayar da bikin kawunku Sani daidai da shi. Ni ne babban wa, ni ake jira in karɓi aure, ni zan zo da akwatunan lefe daga Amurka, an riga an shelanta wa dangin amarya. In na tafi, kafin in dawo sanyi ya kawo kai. Asabar ɗaya-ɗaya kuwa ba za ta ishe mu ba. Na kwana biyu ina jujjuya abin, abinci ma ban fi kwano biyu nake ci ba. Ummanku ta ce in zaɓa, ita duk inda na sa ƙafa nan za ta sa. Na ce mata ni fa ban ga zaɓi ba, mutumin nan bai sallame ni ba. Na buga wa gida waya cewa wani uzuri ya riƙe ni. Sani ya tambayi wane irin uzuri, aka ce masa wai wata nas muke nema gari-gari. Sauran labarin shi ya ƙarasa da kansa, kuma ya ƙarasa shi da kyau, don ya fi ni iya ƙari. Ya yi shekaru ba ya cin abinci a gidana. Akwatunan ma da na aika daga baya sai da aka yi ta ba shi baki kafin ya buɗe. Wannan shi ne abin da rakiyar ta ci mini, kuma ba ƙarami ba ne, don uwa ɗaya uba ɗaya muke.

Ummanku ce ta sauya mana dabara. Ta ce ba a neman mace a ƙofar asibiti, a gidan kitso ake nemanta, don duk abin da bai shiga kunnen makitsiya ba bai faru ba. Ta goya yayarku, ta ɗauki tsinken kitsonta, muka hau jirgi mu huɗu. Ita da ba ta taɓa wuce kantin unguwa ba, sai ga ta tana gaba muna baya. Zamanin nan baƙaƙen Amurka na matuƙar son duk abin da ya fito daga Afirka. Mu shiga shagon gyaran gashi, ta zame ɗankwali su ga shukun da ke kanta, shi ke nan shago ya hargitse. Ta zaunar da ɗaya ta fara yarfa mata, ni kuma ina tsaye tsakanin matan da suka kifa wasu tukwanen ƙarfe masu huci a kai, ina shela: muna neman Maryam, nas ce, ubanta ɗan jirgin ruwa ne mai tsage a fuska. Na shaƙi hayaƙin ƙonannen gashi a hutun nan har tari na yi wata guda yana fitowa a murɗe. A Filadalfiya wata tsohuwa ta tuna ƙanwar uwar, cocinsu ɗaya, ta ce sun koma Baltimore. Muka bi. Gari ne mai fararen matakala a ƙofar kowane gida, mata na goge su kamar za a ci tuwo a kai, mutane kuma na zaune suna fasa ƙaguwa da guduma suna ci, abin da har yau ban gane ko abinci ba ne ko horo. A wani shago can cikin gari wata mata ta ɗage tukunyar kanta ta ce da ƙarfi:

"Ko Meri kuke nufi? Wadda take cewa ubanta bai san sunanta ba?"

Na yi niyyar in ƙi fassarawa, sai na tuna Baba ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba. Yana bakin ƙofa, ya ji. Ya lalubo hannun rigata ya damƙe.

Aka kwatanta mana gidan. Maryam da kanta ta buɗe mana ƙofa, doguwa kamar shi, da kayan aiki a jikinta. Ta dube shi ta daɗe. Ina jin albarkacin goyon da ke bayan Ummanku ta ce mu shigo. Ta zaunar da mu, ta ƙi zama, kuma ni ta riƙa yi wa magana kamar ba ya ɗakin.

"Ka san abin da yake kirana tun ina rarrafe? 'Ke.' 'Yarinya.' 'Zo nan.' 'Ya'yan maƙwabta kuwa kowa da sunansa, ya ɗora su a wuya, ya saya musu alewa. Ran da na gama makaranta aka kira sunana a gaban jama'a, kowane uba na tafi, nawa takalminsa yake kallo. Na tambaye shi dalili, ya ce wai ba a yi. Ba a yin me?"

Na gyara zama na fara lacca a kan al'adar Hausawa, da Turancin ofis, har da "bisa la'akari da". Ta ɗaga mini hannu ta ce ta sha jin uzuri. Na naɗe laccata. Baba na kallon ƙasa, ni ina tunanin bikin da na rasa a banza. Ana cikin haka yayarku, da aka sauke ta tana rarrafe, ta je ta kama farin takalmin matar ta miƙe tsaye. Nas dai nas ce. Ta sunkuya ta ɗauke ta, fuskarta ta ɗan saki, ta juya wajen Ummanku.

"Yaya sunanta?"

Wannan kam Ummanku ta ji, ba sai an fassara ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Matar ta juyo gare ni. Ni kuwa nan take na gano cewa silin ɗakin nan abin kallo ne, na shiga nazarinsa, tari kuma ya sarƙe ni.

"'Yarku ce fa! Ba ku san sunan 'yarku ba?"

Sai Baba ya ɗago ya faɗi sunan, da ƙarfi, har da kirari, yana tafa hannu, yarinya na ƙyalƙyala dariya tana miƙa masa hannu. Kada ku jira in rubuta shi a nan, kun san shi, tana nan da ranta da 'ya'yanta.

Maryam ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaya ko ita ce ta farinmu, na ce ita ce. Ta tambayi Ummanku ko tana sonta. Ummanku ta tattaro ɗan Turancin da ta mallaka kaf, daga bayan mayafi, ta ce ya wuce misali. Sai matar ta zauna a hankali, yarinya a cinyarta. Ta fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Da ta gama ta miƙa wa Ummanku yarinya, ta je ta yaye labule, ta kamo hannun tsohon ta kai shi bakin taga, don tun shigowarmu ta gane abin da ni na yi watanni ban gane ba. Ta kawo fuskarta dab da tasa. Ya daɗe yana dubawa, yana karkata kai yana neman gefen da haske ya rage masa.

"Hancin uwata ne," ya ce.

Ta ce ba zai koma St. George ba, ta san likitocin ido. Daga baya sun ceto masa ɗan haske a ido ɗaya, daidai wanda zai raba farin goro da ja, kuma a hannunta ya cika bayan shekaru. Har ya bar duniya bai kira sunanta ba. Ta gaya mini cewa wata rana da zazzaɓi ya rufe shi ya kusa suɓutar baki, ita ta toshe masa baki da hannu.

Da muka tashi tafiya a ranar, na miƙa masa hannun rigata kamar yadda na saba. Bai kama ba, nata ya riƙe. Suka fito da mu har kan fararen matakalan nan. Ya tsaya, ya gyara hularsa, ya fuskanci inda yake jin numfashina.

"To, Malam Garba. A koma haka nan. An gode da rakiya."

Na buɗe baki in ce a sauka lafiya, sai ga hawaye. Hayaƙin Baltimore ne ya shige mini ido, garin akwai hayaƙi, ku tambayi kowa. Ummanku ta ce ita ba ta ga hayaƙi ba, amma ai kun san ta da musu.

Wannan shi ne labarin hoton. Ku kai wa kawunku Sani ya karanta, in ya ga na yi ƙari ya rage, shi ma ya san hanya. Goggonku Maryam kuwa ta ce tana nan zuwa ta ga garin da ba a kiran 'ya'yan fari. In ta zo, ranar da za ta tafi ku tashi daga kan kujerun nan ku raka ta, kada wanda ya juyo sai ta sallame shi. Ku dai tafi da fasfo a aljihu, don 'yar ubanta ce.